Na je ƙasar su Fada, na hau dutsen Patrick da sandar haya

Sati biyu ke nan da dawowata daga Ayalan, har yanzu gwiwata ta hagu ba ta yafe mini ba. Ƙanwata da ke aikin jinya a Dublin ce ta matsa sai na zo baftismar ɗanta, ni kuma da tawa manufar a ciki. Mahaifinmu katikis ne, a ƙarƙashin Fadan Ayalan ya yi aiki har ya tsufa, muka tashi muna jin sunan Waliyyi Patrick, babban waliyyin Ayalan, kamar wani kawunmu.

Tarbar farko ba ta yi armashi ba. Jami'in da ya karɓi fasfona ya yi ta juya shi kamar mai duba ƙwan zabi a kasuwa, sau uku yana tambayata ranar komawa, ko sannu da zuwa babu. Na haɗiye, baƙo ai ba ya faɗa.

Kwana na uku muka nufi Glendalough, wani kwari mai tafki biyu a yankin Wicklow, inda Waliyyi Kevin ya keɓe kansa don ibada har almajirai suka taru a kansa. A 618 ya rasu. Akwai hasumiyar dutse mai tsawon mita 30, ƙofarta can sama, sai da tsani. Gobarau ta Katsina ce ta faɗo mini a rai. Ina cikin faɗa wa ƙanwata haka sai na ji an ce a bayana, "Malam, ina gajiya?" Na waiga, wani tsohon Bature ne da sanda, yana dariya. Ashe Fada ne, ya yi shekaru a ƙasar Minna, ɗan ƙungiyar 'yan mishan ta Kiltegan da aka kafa a 1932, gidansu kuma nan cikin Wicklow yake. Hausarsa ta ɗan yi tsatsa, amma gaisuwa sai da ya kai ta har "ina labari".

Ya ja mu wurin shayi, ya hana ni taɓa aljihu. Gara da ya hana, don kuɗin kofi uku da ɗan burodi ya isa cefanen kwana biyu a gidana. A nan ya warware mini abin da Baba bai taɓa tsayawa a kansa ba. Patrick ba ɗan ƙasar ba ne. Daga Birtaniya aka sato shi yana ɗan shekara 16, ya yi shekara shida yana kiwo a matsayin bawa, ya kuma rubuta da kansa cewa yakan yi addu'a har sau ɗari a wuni. Ya gudu, ya isa gida, sannan ya sake ɗauko ƙafa ya dawo wa mutanen da suka bautar da shi, da bishara. Ana sa dawowarsa a 432, ko da yake an riga an aiko wani bishop, Palladius, a 431. "Bawa ne fa, makiyayi," in ji Fada, yana buga tebur da yatsa. Ni dai hoton da na sani na mai doguwar hula ne da koriyar alkyabba.

Ya ce a lokacin ƙasar ba ta da birane, saboda haka gidajen sufaye ne suka zama garuruwa: malami a tsakiya, bukkokin almajirai kewaye, ana noma ana rubutu. Na ce, "Fada, ai tsangaya ke nan." Ya ce ba shakka. Daga irin waɗannan wurare wani sufi mai suna Columba ya ƙetare zuwa tsibirin Iona a 563, wani sufin kuma, Columbanus, ya ratsa Faransa har Bobbio ta Italiya, inda ya rasu a 615. Da za mu rabu bai tambaye ni komai ba sai nawa ake sayar da ƙwaryar doya yanzu. Da na faɗa masa, ya riƙe baki.

A Dublin na biya kuɗi mai zafi na ga Littafin Kells, Linjila huɗu da aka rubuta da hannu wajen shekara ta 800 a kan fatar maraƙi. Shafi biyu kacal ake buɗewa, cikin gilashi, ba a ɗaukar hoto. Amma zayyanar! Wanda ya taɓa ganin Alƙur'ani rubutun hannu na mutanen Borno zai gane irin haƙurin nan.

Sai Croagh Patrick a yamma, dutse mai mita 764, inda aka ce Patrick ya yi azumin kwana arba'in a 441. Lahadin ƙarshe na Yuli mutane ke tururuwa, wasu ba takalmi. A gindinsa ana ba da hayar sanda. Na ce wa yaron ya rage mini, ya dube ni kamar na zagi ubansa. Can ba a ciniki, ko "albarka" ba su iya cewa ba. Na biya. Rabin hanya ruwa ya sauko, tsakuwa na zamewa, wata tsohuwa da ta girme ni nesa ba kusa ba ta wuce ni tana jan carbi. Na kai ƙaramar majami'ar da ke sama, hazo ya rufe komai, tekun da aka yi ta yaba mini ban gan shi ba.

Ranar baftisma na ƙirga furfura a coci na gaji. Kujeru rabi babu kowa, ba ganga, ba rawa, kafin in gyara zama an sallame mu. Wanda ya yi Mass ɗin kuwa ɗan Najeriya ne, daga kudu.

Na so in je Downpatrick, inda aka ce kabarin Patrick yake, da wani ƙauye mai suna Kells a yankin Antrim, ba Kells na littafin ba, inda addu'ar samari huɗu a ɗakin makaranta ta haifar da babbar farkaswar addini ta 1859. Duka biyun a Ayalan ta Arewa suke, ƙarƙashin Birtaniya, bizata kuma ba ta kai can ba. Kwanakin da suka rage na yi su ne a kujera, ƙanwata na gasa mini gwiwa da ruwan zafi tana cewa, "Yaya, wa ya aike ka?"