Kiɗan da ba a yi wa tafi

Duk wanda na faɗa wa cewa karatun jinya da kiɗa nake yi, wato yadda ake amfani da kiɗa wajen jinyar marasa lafiya, abin da yake fara zuwa masa a rai shi ne wai ana koya mana mu je asibiti mu ɗan kaɗa wa marasa lafiya gita su ji sanyi a ransu su manta da ciwo. Na gaji da yi wa mutane bayani ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na ce bari dai in zauna in rubuta yadda rayuwar ɗalibi take a wannan fannin, musamman a nan Amurka inda nake karatun, ko wani mai sha'awa zai san abin da zai tarar tun kafin ya jefa ƙafa.

Tun daga ƙofar shiga ma abin ya bambanta da sauran kwasa-kwasai. Sakamakon sakandare mai kyau kawai ba ya shigar da kai, sai ka yi odishin, wato ka tsaya gaban malamai ka kaɗa abin da ka ƙware a kai ko ka rera, su saurara, wani lokacin su miƙo maka rubutaccen kiɗan da ba ka taɓa gani ba su ce bismilla. Kuma ko da jinya ka zo karanta, yawanci layi ɗaya za ka bi da wanda ya zo da burin zama gwanin fiyano na duniya. Idan ka samu shiga, shekara biyun farko tare za ku yi ta fama, darasin ƙa'idojin kiɗa, tarihin kiɗa, da wanda ya fi sa ɗalibai kuka wato horon kunne, inda malami zai buga sautuka a fiyano ya ce ku rubuta abin da kuka ji a takarda, sau uku ko huɗu zai maimaita shikenan ya wuce. Ga kuma ƙungiyar mawaƙa ko ta makaɗa da dole ka shiga, kiredit ɗaya tal ake ba ka a kanta amma awannin da take ci a sati sun fi na wani babban kwas ɗin. Ƙarshen kowace semesta kuma akwai juri, ka sake tsayawa gaban malamai kai kaɗai ka kaɗa, su ba ka maki a kan 'yan mintocin nan, duk wahalar wata huɗu.

To a kan wannan ne fa mu 'yan jinya ake ɗora mana namu kayan. Ilimin halayyar ɗan adam, ilimin sassan jiki, darasi kan cututtukan ƙwaƙwalwa, yadda yaro ke girma, yadda ake bincike da lissafin alƙaluma. Sannan dole ka iya gita, ka iya fiyano, ka iya rera waƙa, ka iya sarrafa ganguna, ko da kuwa ba su ne kayanka na asali ba. Akwai wata 'yar ajinmu da ta taso da bayolin, wato gogen Turawa, tun tana ƙarama, in ta kaɗa sai tsigar jikinka ta tashi, amma haka ta zauna kamar sabon shiga tana koyon danna wayar gita yatsunta na yin kanta, saboda ba yadda za a yi ka maƙale bayolin a haɓa kuma ka rera wa yaro waƙa kana kallon idonsa.

Wannan kallon idon shi ne duk maganar a wajena. Ɗalibin da ke karatun kiɗa don hawa dandamali ana horar da shi ya kai matuƙa, kada ya yi kuskure, ya sa zaure ya yi tsit sannan a ɓarke da tafi. Mu kuma a bene ɗaya, a ɗakunan atisaye iri ɗaya, ana cire mana wannan ɗabi'ar ne a hankali, kuma wallahi cire ta ya fi koyon gita wuya. Ka shekara goma ana ce maka kyawun kiɗanka shi ne darajarka, yau kuma ana ce maka ba ruwan kowa da kyawunsa, abin da ake dubawa shi ne me mutumin da ke gabanka ya yi saboda kiɗan, ya ɗaga hannu? ya furta kalma? numfashinsa ya daidaita?

Tun kafin ka gama ake fara tura ka wuraren aiki sau ɗaya ko biyu a sati, ƙarƙashin wani ƙwararre mai sa maka ido. Ni an tura ni gidan kula da tsofaffi masu ciwon mantuwa. Kafin ka je sai ka rubuta tsarin zama, kuma ba a yarda ka rubuta "zan faranta musu rai" ba, za a dawo maka da takardarka. Sai dai ka rubuta abin da za a iya ƙirgawa, misali wane zai miƙa hannunsa na dama ya bugi ganga sau kaza cikin goma. Akwai wani dattijo a rukunin da ba ya magana kusan sam, kansa a sunkuye kullum. An koya mana cewa waƙoƙin da mutum ya ji yana saurayi, daga gab da shekara ashirin zuwa ashirin da ɗoriya, su suka fi zama a ƙwaƙwalwa, don haka sai da na tambayi iyalinsa, na je na koyi waƙoƙin da aka yi tun ba a haifi iyayena ba. Ranar da na fara rera ɗaya daga ciki, sai leɓensa ya fara motsi, can sai murya ta fito, amma can ƙasa, kuma a hankali sosai fiye da yadda waƙar take. A nan take dole na sauke waƙar zuwa inda muryarsa take, na rage gudu, na bar masa gurbi a ƙarshen kowane baiti don shi ya ƙarasa kalmar, duk wannan ina riƙe da gita, ina kallonsa, ina kuma ƙirga a raina sau nawa ya amsa don zan rubuta a rahoto. In da malamin juri ya ji abin da na kaɗa ranar zai ce waƙar ta lalace. Sufabaiza ta kuwa abin da ta rubuta min shi ne in ƙara tsawaita shirun da nake bari, don dattijon yana buƙatar lokaci kafin kalma ta iso bakinsa.

Shiru kam ana koyar da shi sosai. Ana kuma koya maka ka fara daga inda mutum yake, in yana cikin tashin hankali ba za ka zo masa da kiɗa mai sanyi kai tsaye ba, sai ka fara da wanda ya yi daidai da yanayinsa sannan ka riƙa sassautawa yana biyo ka. Wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Ira Altshuler ne ya yi fice da wannan dabarar tun shekarun 1940.

Fannin ma ai daga asibiti ya taso. Lokacin yaƙin duniya na biyu da bayansa makaɗa sun riƙa zuwa asibitocin sojoji suna yi wa waɗanda suka dawo da rauni a jiki da ƙwaƙwalwa kiɗa, likitoci suka ga ana samun canji, amma suka ga kuma makaɗin da bai san komai game da ciwo ba zai iya yin ɓarna. Jami'ar Jihar Mishigan ce ta fara buɗe digirin a 1944, Jami'ar Kansas ta biyo baya ƙarƙashin E. Thayer Gaston, aka kafa ƙungiyar ƙasa ta masu wannan aikin a 1950, daga baya a 1998 ƙungiyoyi biyu suka haɗe suka zama AMTA, ƙungiyar masu jinya da kiɗa ta Amurka, wadda ita ce yanzu ke amincewa da kwasa-kwasan jami'o'i. Ina kawo wannan ne saboda har yau a cikin makarantun kiɗa akwai masu yi mana kallon waɗanda suka kasa zama gwanaye shi ya sa suka fake da jinya. Na taɓa jin wani malami ya faɗi kusan haka a gaban ɗalibai, kuma abin ya yi min ciwo ƙwarai, don mutumin bai taɓa tsayawa a ɗakin da ake koya wa mai shanyewar ɓarin jiki tafiya da bugun kiɗa ba.

Wannan ɓangaren na ƙwaƙwalwa shi ya fi jan hankalina a duk karatun. Michael Thaut da abokan aikinsa a Jami'ar Jihar Colorado sun yi bincike a shekarun 1990 kan yadda bugu mai daidaito ke taimaka wa masu ciwon Parkinson, mai sa kyarma da wahalar tafiya, da masu shanyewar ɓarin jiki su daidaita takunsu. Sai ka auna gudun tafiyar mutum tukuna, ka saita metronom, ɗan abin nan mai ƙas-ƙas da ke riƙe wa makaɗi lokaci, daidai da takunsa, sannan ka riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan, ƙafa na bin kunne. Akwai kuma dabarar da aka fito da ita a Boston a 1973 ta koya wa wanda magana ta ɗauke masa ya rera jimla kafin ya iya faɗinta, don sau da yawa wanda ya kasa cewa "ina son ruwa" yana iya rera ta. Kusan kowane ɗalibi an ba shi labarin Gabby Giffords, 'yar majalisar Amurka da aka harba a kai a 2011 a Arizona, wadda jinya da kiɗa na cikin abubuwan da aka yi amfani da su wajen dawo mata da magana a Houston. Amma malaman kirki suna ja mana kunne kada mu riƙa sayar da abin kamar sihiri, ba kowa ne yake samun irin wannan ba, kuma tare da likitoci da masu gashin ƙashi da masu koyar da magana ake aikin, kai ɗaya ne kawai a cikin tawaga.

Su ma 'yan uwanmu masu karatun dandamali ba hutu suke ba fa, kada a ce na zage su. Awa huɗu, biyar, har shida mutum yana kulle a ɗan ɗakin atisaye shi kaɗai yana maimaita layi ɗaya, ga ciwon wuyan hannu da kafaɗa, ga masu busa da masu ganga da kunnensu ke fara ƙara tun suna ƙuruciya, ga fargabar hawa dandamali da mutane da yawa ke ɓoyewa don kada a ce ba su da ƙwari. Kuma suna sane cewa kujerun da ke manyan ƙungiyoyin makaɗa ba su kai yawan masu gama karatu ba ko kusa.

Inda abin ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne ƙarshen karatun. Kafin ka cancanci zama jarabawar CBMT, hukumar da ke tantance masu jinya da kiɗa, ka samu lambar MT-BC ta shaidar ƙwarewa a bayan sunanka, sai ka cika awa 1200 na horon aiki, kuma mafi yawansu a intanshif ne na kusan wata shida, cikakken aiki daga safe zuwa yamma. Da yawa daga wuraren ba sa biyan ko sisi, wasu sukan ba da ɗan abin da bai kai kuɗin haya ba, kuma sau da yawa sai ka tattara ka koma wani gari don a can ka samu gurbi, alhali makaranta na iya ci gaba da karɓar kuɗinta saboda har yanzu sunanka ɗalibi. Wanda iyayensa ke da hali zai wuce salin alin. Wanda ke aiki da dare don ya biya kuɗin makaranta fa? Na san waɗanda suka gama duk darussa da maki mai kyau suka tsaya cak a nan. Haka ma odishin ɗin farko, a makarantu da dama wanda ya taso da malamin kiɗan gargajiyar Turai da karatun rubutaccen kiɗa shi ake buɗe wa ƙofa, wanda ya koya da kunne kuwa, wanda zai ji waƙa sau ɗaya ya kama ta ya juya ta yadda yake so, sai a bar shi a waje, alhali irin kunnensa ne aikin ya fi buƙata. Wasu makarantun irin su Berklee a Boston sun fi sakin fuska ga kiɗan zamani, amma gaskiya har yanzu da sauran aiki, kuma kana shiga aji za ka ga alamar hakan a irin mutanen da ke zaune da irin waƙoƙin da aka saba da su.

A Ingila tsarin daban ne, sai ka yi digirin farko tukuna sannan ka karanci jinya da kiɗa a matakin mastas, kuma sai ka yi rajista da hukumar HCPC mai sa ido kan ma'aikatan lafiya kafin ka kira kanka da sunan aikin. Makarantar Guildhall a Landan ta fara kwas ɗinta a 1968 ta hannun Juliette Alvin, akwai kuma tsarin wasu masana biyu, Nordoff da Robbins, da ya ginu a kan ƙirƙirar kiɗa nan take tare da mara lafiya. Abin da ya burge ni a tsarin na Ingila shi ne suna sa ɗalibi shi ma ya riƙa ganin mai ba da shawara a kan damuwarsa lokacin karatu. Ina ganin ya kamata ko'ina a yi haka, don ba wanda ya isa ya shirya maka zuciya kafin ranar da za ka je da gitarka da waƙar da ka kwana kana koyo saboda mutum ɗaya, nas ta tare ka a ƙofa ta ce ya rasu ranar Lahadi, kuma akwai wasu shida a ɗaki suna jiranka, bayan nan kuma kana da lakca da rana.

Duk wanda ke tunanin shiga, ya tambayi makarantar a wace shekara take fara tura ɗalibai wurin marasa lafiya, don wasu tun shekarar farko suke farawa wasu kuma sai can gaba, ya tambaya su wa ke sa ido a kan ɗalibai a can kuma ɗalibi nawa ne a hannun mutum ɗaya, ya nemi jin ta bakin waɗanda ke intanshif yanzu ba waɗanda aka zaɓo don zagaya da baƙi ba. Ya kuma fara taɓa gita tun yanzu, ya saba da rera waƙa yana kaɗawa ba tare da kallon yatsunsa ba. Ni yanzu takardun neman intanshif nake ta cikewa, kowane wuri da irin waƙoƙin da yake so ka ɗauka a bidiyo ka tura, kuma abin da na fara dubawa a kowanne shi ne ko suna ba da wurin kwana.