Ranar da aka fara sa wa Inna jan ruwa

Talata, sha ɗaya na dare ta wuce.

Inna ta samu barci tun bayan isha'i. Sau uku ina leƙa ta, robar da na ajiye mata a gefen katifa har yanzu a bushe take. Ni ce idona ya ƙi rufuwa.

Ana sallame asuba muka bar Jega. Yaya ne ke tuƙi, motar abokinsa ya aro. Gwaggo na gaba, don ta ce ba a fara irin wannan abu babu babba a wurin. Ni da Inna muna baya, a cinyata kuma 'yar kular da muke zuba ƙanƙara da azumi, yau magani ne a cikinta. Mai famasi ya ja wa Yaya kunne cewa ɗaya daga cikin kwalaben ba ta son zafi, shi ya sa ta kwana biyu a firjin maƙwabcinmu mai sola, kusa da lemon sayarwarsa. Abin da ke cikin kular nan, buhunan shinkafar ranin Yaya ne da ragon da Inna ta ɗaure don layya. Duk gargadar da muka shiga kafin Kalgo sai in ƙara rungume ta.

Wata bakwai ke nan da Inna ta fara jin ƙullutu a mamanta na hagu. Ba ya mata ciwo, sai ta yi shiru. Da ta faɗa, muka ƙara cinye wata uku a shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, saboda Gwaggo ta kafe cewa daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi sai ya fusata. Ba ita kaɗai ke faɗin haka ba, duk unguwarmu an taso da wannan magana. Ni da nake koyarwa a firamare, na sha jin faɗakarwar da Dakta Zainab Shinkafi Bagudu da gidauniyarta ta Medicaid ke yi kan sankarar mama tun mijinta na gwamnan Kebbi, na sha ganin masu riguna ruwan hoda a watan Oktoba, amma ban taɓa kawo cewa da gidanmu ake ba. Sai da wurin ya fara tauri, fatar ta yi kamar ɓawon lemo, sannan muka yarda aka ɗebi ɗan nama aka kai gwaji. Da sakamako ya fito muka yi shawara mu uku a zaure cewa ba za a gaya mata sunan ciwon ba. Ƙari ne, in ji mu, za a sa miki ruwa ya narke.

Kafin takwas mun isa asibiti a Birnin Kebbi. Ni na zata da isarmu za a kwantar da ita a fara. Ina! Yawancin ranar jira ce. A ɗauko fayil, a karɓo sakamakon jinin da aka ɗiba jiya, a jira likita ya gama zagayen ɗaki. Ashe ba a sa maganin sai an ga jini ya kai, ƙoda da hanta suna aiki daidai, kuma haka za a yi kafin kowane zuwa. In jinin ya yi ƙasa, a ce ku koma sai wani mako. Hoton zuciya ma tun makon jiya aka sa muka yi, domin jan maganin yana iya taɓa zuciya, ana son a san lafiyarta tun kafin a fara.

Aka ɗora ta a sikeli, aka auna tsayinta a jikin bango. Ta dubi nas ta ce, "Ɗiyata, ɗunki za ku yi min?" Nas ɗin ta yi dariya ta ce da tsayi da nauyi ake lissafa yawan maganin, ba a ba kowa mudu ɗaya.

A ofishin likita ne abin da ba mu shirya masa ba ya faru. Ya buɗe fayil, bai dubi Yaya ba, bai dube ni ba, ya juya kujerarsa wajen Inna ya ce, "Mama, me aka gaya miki game da ciwon nan?"

Na ji cikina ya juya. Yaya ya buɗe baki zai tare, Inna ta ɗaga masa hannu.

"Sun ce ƙari ne. Ni kau na san daji na. Tun randa sunka dawo da takarda wanga yaro ya kasa cin tuwo na gane. Na ƙyale su ne don kada hankalinsu shi tashi."

Mako biyar muna ɓoye mata, ita kuma tana ɓoye mana. Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, amma wallahi har da sauƙi a cikinsa, kamar an sauke mini tulu daga ka. Daga nan zancen ya koma tsakaninta da likita, mu muka zama 'yan rakiya, kuma ita ta yi tambayoyin da suka fi namu ma'ana. Ta ce me zai hana a yanke a huta? Ya ce abin ya yi girma, an fi son a fara ƙanƙantar da shi da magani, kuma maganin yana bin jini ya kai inda wuƙa ba ta kaiwa. Zuwa takwas za ta yi, kwana 21 tsakanin kowane biyu, huɗun farko da irin na yau, huɗun baya da wani daban. Bayan nan tiyata. Bayan tiyata gashi, wato a gasa wurin ciwon da hasken na'ura, shi kuma sai an je Sakkwato, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko Shika ta Zariya. Na lissafa a bayan katinta, daga yau zuwa na takwas kwana 147, in ba a ɗaga ko ɗaya ba. Kusan wata biyar.

Ta ce to mi ya sa ba a zuba mata shi gaba ɗaya? Amsar da ya ba ta ce ta warware mini duk abin da nake ji ana faɗa game da kemo, wato wannan maganin dajin da za a sa mata. Ya ce maganin yana farautar duk abin da ke saurin tsiro a jiki ne, domin haka ciwon yake. To gashin kai ma mai saurin tsiro ne, haka fatar cikin baki da ta hanji, haka ɓargon da ke yin jini. Shi ya sa gashi ke zuba, baki ke yin gyambo, jini ke yin ƙasa. Mako ukun nan hutu ne da ake ba lafiyayyen jiki ya farfaɗo. Inna ta gyaɗa kai ta ce, "Kamar feshin gona ke nan, ba shi barin ciyawa, amma shuka ma sai ta yi yaushi." Ya ce ya ari wannan, zai riƙa gaya wa wasu. Sannan ta dangwala yatsa a takardar amincewa, ita da kanta.

Sha biyu saura aka shigar da mu ɗakin. Gadaje shida, fanka biyu, ƙarafan rataye ruwa. Aka sa mata kanula a bayan hannun dama, ɓangaren da ba ciwon. Ruwan gishiri aka fara, da allurar hana amai. Sannan nas ta dawo da safar hannu da rigar leda, riƙe da ƙaton sirinji, abin da ke ciki ja wur. Doxorubicin sunansa a jikin kwalin, amma a ɗakin kowa jan ruwa yake ce masa. Inna ta ce, "Wanga ai soɓorodo na." Nas ɗin ta ja kujera ta zauna, tana tura shi kaɗan-kaɗan, idonta a kan hannun. Ta ce in Inna ta ji zafi ko raɗaɗi a wurin ta faɗa nan take, kada ta yi kara, domin in ya fita daga jijiya yana cin nama. Na san halin uwata, sai wuta ta ci zanenta ba ta ce uffan ba, don haka ni na tsare fuskarta da ido har aka gama. Na biyun fari ne kamar ruwa, a leda aka rataya shi. Abin da ta ce kawai shi ne hancinta na yi mata yaji-yaji.

Shi ke nan fa. Abin da muka kwana biyar ba mu yi barci ba saboda shi, awa uku bai cika ba. Ba ta suma ba, ba ta yi ihu ba, har gyangyaɗi ta yi.

A gadon kusa da mu akwai wata mata daga wajen Yauri, zuwanta na huɗu ke nan. Ita ta buɗe mana abin da ba ya cikin takarda. Ta miƙo hannu ta nuna mana faratanta sun yi baƙi, ta ɗan ɗaga ɗankwali muka ga kai tal. Ta ce yau ba komai ba ce, a jira jibi da gata, lokacin da ƙamshin miya ma zai zama abokin gaba, bakin mutum ya yi kamar ya tsotsi ƙarfe. Ta ce a daina cika mata kwano, a riƙa ba ta kaɗan-kaɗan, sau da yawa, abin da ba maiƙo. Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne da ta ce mako na uku ya fi kowanne haɗari, domin a nan mutum ke jin ya warke. Ƙarfi ya dawo, ƙullutun ya fara laushi, kuɗi kuma sun ƙare, sai dangi su ce ai Allah ya kawo sauƙi, a bar wahalar da baiwar Allah. Ta ce wadda suka fara tare haka ta yi bayan zuwa na biyu. Ba ta ƙarasa labarin ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Kafin a sallame mu babbar nas ta tsayar da ni da Yaya a baranda. Ta ce magana ɗaya take so mu riƙe ko mun manta sauran: zazzaɓi. Daga kwana 7 zuwa 14 bayan magani fararen ƙwayoyin jini, masu yaƙi da cuta, suna yin ƙasa sosai. In zafin jikinta ya kai 38, ko ta kama rawar sanyi, ko tsakar dare ne a kawo ta. Kada a ce masassara ce a aika kemis, kada a ba ta farasitamol a rufe zafin a kwanta. Abin da lafiyayye zai yi kwana uku yana jinya, ita a awoyi kaɗan zai iya kayar da ita. Sauran bayanin ta zubo shi da sauri: maganin amai a sha shi a kan lokaci ko ba ta jin tashin zuciya, ruwa da yawa, kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi, kwana biyun farko mai wanke mata fo ko kayan da ta yi amai ya sa safar hannu. Ciwon kuma ba a ɗaukarsa, a ci da ita kwano ɗaya, jikoki su hau cinyarta, sai dai mai mura ko tari ya yi nesa.

A nan muka yi ƙaramin yaƙi da Gwaggo. Ta ce yanzu sai mu kori 'yan dubiya, a ce gidan malam sun zama Turawa? Nas ɗin ta fi mu iya ta. Ta ce, "Hajiya, ba kora ba ce. A gaisa daga ƙofar ɗaki, a yi addu'a, a wanke hannu. Ke ce babba, ke za su ji wa." Nan take Gwaggo ta karɓi muƙamin mai gadi, har tana gyara mayafi. Da ta kawo zancen jiƙon da aka aiko daga ƙauye, aka ce mata addu'a da tofi babu mai hanawa, amma saiwa da ɓawon itace a ajiye, hanta da ƙoda suna da aikin da ya ishe su. Ta ce to. Irin "to" ɗin da na san sai na riƙa duba ƙarƙashin gado.

Yaya ya tambayi wani ma'aikaci ko akwai tallafi. Ya ce gwamnatin tarayya tana da asusu na marasa ƙarfi masu sankarar mama da ta bakin mahaifa da wadda ke kama maza a ƙasan mafitsara, kuma asibitin Shika na cikin inda ake yin rajistarsa. Yaya ya rubuta a tafin hannunsa. A mota bai ce komai ba har muka wuce Kalgo, na san buhunan da suka rage yake ƙirgawa, yana raba su gida bakwai.

Mun tsaya a wani kemis na sayi ma'aunin zafin jiki, irin mai nuna lamba. La'asar sakaliya muka shigo gida. Inna ta sha kunu rabin kofi, ta yi salla a zaune. Can sai ga Auta a guje daga bayan gida, ido waje, wai Inna na fitsarin jini. Na manta ban gaya wa Auta ba, an ce mana zai yi ja kwana ɗaya ko biyu, launin maganin ne ke fita. Inna ta fito riƙe da buta tana cewa, "Ke da Allah rufa min asiri, soɓorodon ne."

Bayan magariba na ciro kalandar bango na zagaye ranakun da jan biro: na bakwai zuwa na sha huɗu, sai Talatar komawa, da Litinin ɗin ɗibar jini. Tana kallona daga kan tabarma. Ta ce kwana nawa likita ya ce kafin gashin ya fara zuba? Na ce mako biyu zuwa uku, kuma ya ce zai dawo in an gama. Ta shafa kitsonta, shuku ne da aka yi mata tun sunan ɗiyar Yaya, duk ya tsufa.

Ta ce, "Gobe in na tashi da dama ki tsefe min shi, ki wanke. Ki kira mai kitso ta yi min guda huɗu manya, kada ta ja. Ba ni son shi zube da dauɗa."

Na sa ƙararrawar waya ƙarfe biyar saboda maganin amai. Matajin ma na ajiye shi kusa da ma'aunin zafin.