Akwatin nagatif ɗin Baffa: yadda na mayar da tsofaffin hotuna cikin kwamfuta

Duk wanda ya tashi a Zariya kafin waya ta cika gari ya san ƙa'idar mai hoto. Zai ɗauke ka ranar Sallah ko ranar suna, ya ce ka dawo idan an wanke, ya miƙa maka katinka, amma nagatif ya zauna wurinsa. Dabarar kasuwa ce: in kana son ƙari, dole ka sake nemansa. Baffana ya daɗe yana wannan sana'a a Tudun Wada da kyamararsa Yashica, kuma da ya bari bai zubar da komai ba. Akwatin ƙarfe guda ya cika da ambulan, wasu da rubutu a bayansu, wasu babu. Shi na karɓo, na yi ta fama da shi tun daga ƙarshen damina har hunturu ya kankama.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne bambancin da ke tsakanin kati da nagatif ɗinsa. Muna da wani hoton Hawan Daushe a albam ɗin gida, na zamanin Sarki Shehu Idris, wanda ya yi sarauta daga 1975 zuwa 2020. Katin ya koɗe, ya koma jajaja, farar rigar mahayin ta zama fari fat ba a ganin komai a jikinta. Da na samo nagatif ɗin na juya shi a kwamfuta ya koma hoto na gaskiya, sai ga aikin aska a ƙirjin rigar, ga idanun mutumin a ƙarƙashin rawani. Har wani yaro mai riƙe da linzami ya bayyana a gefe, wanda babu shi sam a katin. Ba tsafi ba ne. Fim mai launi yana iya ɗaukar haske mai yawa ba tare da farin ya shafe ba, takarda kuwa ba ta iya kwashe duk abin da ke cikinsa. Sannan injin wanki yana auna hasken hoto ne a dunƙule, ya kuma datse gefe don hoton ya dace da girman katin. Kati ɗaya daga cikin fuskokin nagatif ne kawai, wadda injin ya ga damar fitarwa a ranar.

Kafin a kai ga ɗaukar nagatif ɗin da kyamara don shigar da su kwamfuta, akwai aikin tantancewa, kuma a nan yanayin garinmu yake nuna halinsa. Fuskar fim da ke ɗauke da hoton an yi ta ne da jalatin, wani abu mai kama da manne wanda funfuna ke ci. Ambulan ɗin da ke ƙasan akwati sun sha laimar watan Agusta shekara da shekaru, sai ka ga farin zare-zare ya yaɗu a kansu. Irin waɗannan ba a kusantar su da ruwa, domin inda funfuna ta ci, ruwa na taɓawa hoton zai narke ya bi shi. Giyar goge kayan lantarki mai ƙarfi, wato aisofurofil, da ƙyalle mai laushi nake amfani da su, a hankali. Wasu kuma da ka buɗe sai warin tsami ya buge ka: robar fim ɗin ce ta fara ruɓewa saboda zafi da danshi, kuma tsamin yana kama na kusa da su. Waɗannan na ware su daban, su na fara ɗauka. Da hunturu ya shigo sai matsalar ta sauya. Iska ta bushe, fim na jan ƙura, ƙwayar ƙura ɗaya kuma ta isa ta rufe idon mutum a hoton da faɗinsa bai wuce milimita 24 da 36 ba. Na koma aiki da dare, taga a rufe, fanka a kashe, ina hura kowane tsirin nagatif da 'yar robar hura iska. A gefe ake riƙe shi, ba a tsakiya ba.

Sikanar da ke shagunan kwafi na Kongo da Samaru ba ta wannan aikin, domin nagatif yana buƙatar haske ya ratsa shi daga baya. Akwai masu fitila a murfi, irin Epson V600, na kuma ari ɗaya na gwada. A kan ɗigo 2400 a kowane inci tana ba da hoto mai kusan megafiksel 8, wanda ya isa a buga babban kati. Tana kuma goge ƙura da kanta ta hanyar wani haske da ido ba ya gani, sai dai wannan dabara ba ta aiki a kan fim baƙi da fari, saboda azurfar da ke jikinsa tana tare hasken. Aibinta jinkiri. Ga wutarmu da ba ta sallama in za ta tafi.

Hanyar da na zauna a kanta ita ce ɗaukar hoton nagatif ɗin da kyamarar dijital. Na kafa kyamarar tana kallon ƙasa, da gilashin ɗaukar abu na kusa. A ƙasa farar fitila mai caji, sai farar roba mai dishi-dishi a kanta don hasken ya bazu daidai, sai wani kwali mai kauri da na yanke wa taga, ya danne tsirin ya miƙe. Mai son yin amfani da fuskar waya a matsayin fitila ya ɗaga nagatif ɗin sama da ita da ɗan tazara, in ba haka ba ɗigogin fuskar za su fito a cikin hoton. Ina sa ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, a mafi ƙanƙanta, ƙofar haske a f/8, in bar kyamarar ta ƙirga daƙiƙa 2 kafin ta ɗauka don kada hannuna ya girgiza ta, kuma a tsarin RAW nake ajiyewa, wato ɗanyen hoton yadda kyamarar ta ɗauke shi. Akwai rubutu a bakin kowane tsiri, Kodak ko Fuji ko Agfa da lambobi. In yana karantuwa daidai, hoton ma daidai yake. In ya juye, za ka ga mahayi na jinjina da hagu, aljihun babbar riga ya koma dama, kuma babu dattijon da zai kalla bai tsaya a kai ba.

Juya baƙi da fari ba wuya. Mai launi ne ke cin rai, saboda ruwan goron da ke lulluɓe da shi. Da gangan aka sa shi don gyara launi wurin bugawa a takarda, amma in ka juya hoton kai tsaye komai zai koma shuɗi. Manhajar darktable, wadda kyauta ce, tana da sashe na musamman don wannan: ka nuna mata bakin fim inda haske bai taɓa ba, ta cire ruwan goron. Sauran kuma ido ne. Ni da kayan dogarai nake aunawa, in jan ya yi ja koren ya yi kore, to an kusa. Wani dare Baffa ya leƙo ya ce, "Kai, rage hasken nan. Ka mayar da mutumin fari, alhali wankan tarwaɗa ne." Na ce, "Baffa, kun tuna shi ke nan?" Ya ce shi ya ɗauki auren 'ya'yansa duka.

Ana yawan tambayata ko zan koma fim, tunda yanzu yayinsa ya dawo a wurin samari a Turai da Amurka. Ba zan koma ba. Nadi ɗaya hoto 24 ko 36 ne, ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an wanke, in wani ya buɗe bayan kyamara duk ya ƙone. Wankin mai launi yana son ruwan magani ya tsaya a kan digiri 37.8, shagunan da na zagaya a Sabon Gari kuwa daga waya da filashi suke bugawa yanzu. Kamfanin Kodak ma, wanda injiniyansa Steven Sasson ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, sai da dijital ɗin ta kai shi kotu neman kariyar fatara a 2012. Wanda ya ɗauki hawa da fim ya san fargabar da ke ciki, Baffa ba ya kewarta ko kaɗan.

Amma a wajen ajiya, fim ya kunyata mu. Tsirin da aka jefa a akwati tun kafin a haife ni, yau in na ɗaga shi a rana ina ganin abin da ke ciki, ba caji, ba lambar sirri. Hotunan sunan 'yar ƙanwata kuwa, na shekarun baya-bayan nan, sun tafi da wayar da aka sace a kasuwa. Abin da ya rage sai waɗanda aka tura ta WhatsApp, su ma manhajar ta matse su. Shi ya sa ban zubar da nagatif ko ɗaya ba bayan na ɗauke shi. Kowane hoto ina ajiye babban kwafinsa a TIFF, tsarin da ba ya rage ingancin hoto, a na'urar ajiya biyu, ɗaya a gidan Yaya, sai ƙaramin JPEG na rabawa. Sunan fayil kuma shekara ne da wuri da taron. Nan Gwaggo ta fi kowace manhaja amfani: ina nuna mata, tana faɗin wace ce wannan, gidan wa aka kai ta, ina rubutawa.

Akwai abin da Baffa ya gindaya tun ranar da ya ba ni akwatin. Yawancin hotunan ba namu ba ne. Amaren mutane ne, da matan da suka yarda aka ɗauke su a cikin gida don mazajensu da 'yan'uwansu, ba don Facebook ba. Na hawa da na tituna da na ƙofofin gari ina sakewa. Na cikin gida kuwa, in an gane masu shi, a kai musu, su suka san yadda za su yi da abinsu. Tsiran da na gama na zura su a sababbin ambulan na takarda, na sauke akwatin daga saman sif inda zafin kwano ke dukansa, na mayar da shi ɗakin da ya fi sanyi. Saura manyan nagatif masu santimita 6 da 6 na farkon sana'arsa, su sai na yanka wani kwalin mai taga babba.