Godiya ga waɗanda suka tura jarkokina zuwa Birni

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram. Ranar Lahadi muka tashi baje kolin zane-zanena, sai yau gajiya ta sake ni har na iya riƙe waya.

Ga wanda bai ji ba: saura kwana biyu a buɗe, masu zauren da muka yi magana da su tun kafin azumi suka ce in yi haƙuri, wai zanen ya yi zafi. Ba zan kama suna ba. Wanda ya kawo mini saƙon ma kansa a sunkuye yake, da gani aiko shi aka yi.

To zafin me? Fasassun jarkoki ne masu ruwan ɗorawa, na lita 25, na tsaga su na zana fuskokin mutanen da ke kwana a layin famfo in bazara ta kama. Ba ni na ƙago ƙishirwar garin nan ba. A kan dutse muke zaune, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Faransawa suka mayar da babban birni Yamai a 1926. Ana jawo ruwa daga Gogo da Machaya da Arungoza, daga baya aka ƙara Ganaram, amma har yau akwai yarinyar da ke makara lakkol a Kara-Kara don tana gadin jarkar uwarta. Tun 2011 kuma ake tace mai a arewa da mu, tankoki na wucewa a cike. Tankin da jarkar kawai na ajiye kusa da juna a zanen, ban ƙara ko harafi ba.

Godiyar farko ta gwaggona ce a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram. Da na je mata ido jajur, ba ta bari na gama ba, ta ce, "Ɗan nan, tsakar gidana ba zaure ba ne?" A ranar ta sa aka kwance awaki aka kai su maƙwabta, aka share, aka yayyafa ruwa. Ruwan da ta saya da kuɗinta, in kun gane. Gwaggo, Allah ya ja kwana.

Sai ƴan garuwa. Ni ban ma neme su ba, labari ne ya kai musu a fadar shayi. Bayan asuba na ji kurarsu a ƙofar gida, suka loda zanen suka ratsa lungunan Birni da shi, suka ƙi karɓar ko dala. Ɗayansu, dattijo ne, ya daɗe tsaye gaban hotonsa yana kallo, ni kuwa gabana na faɗuwa. Can ya juyo ya ce, "Yaro, kamar ta yi. Amma ka rage mini jarka biyu a kura, ni goma nake turawa." Aka kwashe da dariya. Baba, na karɓi gyara, zan ƙara su.

Na gode wa ɗaliban Jami'ar André Salifou da suka yaɗa sabon wurin a WhatsApp cikin dare ɗaya, da ƴan kabu-kabun da suka riƙa nuna wa baƙi hanya, da ƙanwata da ta yini kan murhu.

Wata baiwar Allah ta gane jarkarta a jikin bango, da igiyar atamfar da ta ɗaura wa hannun don kada a musanya mata a layi. Ta ce in bar mata. Inna, taki ce, sai dai a ba ni aron ta zuwa watan gobe, an ce a kawo zanen Mirriah.

Akwai tabarma biyu da buta da aka manta a gidan Gwaggo. Mai su ya zo ya ɗauka.