Minti huɗu bayan ruwa ya tsagaita

Sau uku ina hawa tsauni ɗaya saboda kwari ɗaya. Wani siririn rafi ne ya ratsa tsakiyar kwarin, ga wani ƙaton dutse tsagagge a hannun hagu, kuma tun ranar da na fara ganin wurin hotonsa ya zauna mini a rai. Hawan farko na isa rana ta take, haske na zubowa daga sama kai tsaye, komai ya fito a baje, ba inuwa ba zurfi. A na biyu hazo ya lulluɓe kwarin tun asuba har na gaji na sauko. A na uku kuma gari ya haɗe, aka shiga yayyafi mai sanyi, ba tsawa ba walƙiya, sai dai jiƙa mutum.

Na fara naɗe kaya ke nan na ce wa dattijon da nake bi ina koyon ɗaukar hoto, "Malam, mu sauka, yau ma ba rabo." Bai ko dube ni ba. Yamma ya nuna mini da haɓa, ya ce, "Ɗana, ka ga siririn farin layin can a ƙasan gajimare? Ta nan rana za ta biyo. Kafa ƙafar kyamararka, ka daidaita komai, ka rufe ta da leda, ka zauna."

Haka na yi. Na tsara hoton yadda nake so, dutsen a hagu, rafin na jan ido zuwa ciki. Na sa ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, a 100, na tsuke ƙofar haske zuwa f/11 don na kusa da na nesa su fito tar, sannan muka zauna wajen minti 40 ruwa na ɗiga ta bakin hulata. Can sai rana ta sauko cikin wannan tsagin. Dutsen ya kama ja kamar garwashi, ciyawar da ta jiƙe ta ɗau ƙyalli, bayansu kuma sama baƙi ƙirin. Na yaye ledar hannuna na rawa. Da na duba lokacin da ke jikin hotunan daga baya, tsakanin na farko da na ƙarshe minti huɗu ne kacal.

Wannan gajartar ba abin mamaki ba ce ga wanda ya san lissafin. Rana na tafiyar digiri 15 a awa guda, faɗinta kuwa rabin digiri ne, wato cikin minti biyu take matsawa da tsawon jikinta. In tsagin gajimaren bai fi ninkinta biyu ba, to abin da ka samu ke nan. Wanda sai a lokacin zai fara kwance jaka yana neman inda zai tsaya, kafin ya gama an rufe.

Abin da ya kusa ɓata mini hoton shi ne ma'aunin hasken da ke cikin kyamara. Shi bai san dutse ba, bai san hadari ba, duk abin da ya gani ƙoƙarinsa ya mai da shi ruwan toka matsakaici. Da ya ga sama ta yi duhu sai ya ƙara haske, fuskar dutsen ta ƙone ta zama fari fat. Histogiram, wato zanen da kyamara ke nuna duhu a hagu haske a dama, shi ne ya tona asirin, don na ga zanen ya manne da bangon dama. Na rage haske mataki ɗaya, na sake ɗauka, sai ga jan nan ya dawo da duk tsagoginsa. A hazo ko dusar ƙanƙara akasin haka ake yi: ma'aunin zai dusashe farin, kai ne za ka ƙara. Wannan matsalar ce ta sa masu ɗaukar hoto Ansel Adams da Fred Archer suka tsara hanyar raba haske gida 11, daga baƙi wuluk zuwa fari tas, don mai ɗauka ya zaɓi gidan da zai ajiye kowane abu tun kafin ya danna. Zamanin fim suka yi ta, amma har yau da ita nake tunani. Kuma a irin wannan haske ba na ɗauka sai a RAW, wato ɗanyen fayil ɗin hoto da kyamara ba ta sarrafa ba. JPEG, wato fayil ɗin hoton da aka saba, matakan haske 256 yake riƙewa a kowane launi, RAW mai bit 14 kuwa 16,384, shi ya sa ake iya ceto inuwar da ta yi duhu a gida ba tare da hoton ya farfashe ba.

Labarin Galen Rowell, wani mai ɗaukar hoton tsaunuka, na yawan faɗo mini in ina zaune ina jira. A 1981, a birnin Lasa na Tibet, ya hango bakan gizo, ya zuba da gudu cikin fili har sai da ƙarshen bakan ya sauka daidai kan fadar Potala. Mutane kan ce sa'a ce. Ni ina ganin sani ne. Bakan gizo kullum yana kishiyar rana, a da'irar digiri 42 daga inuwar kanka, kuma in ka matsa shi ma zai matsa. Ya san inda zai nufa kafin ya ɗaga ƙafa.

Shi kuma tsauni yana da nasa sharuɗɗan, ba ruwansa da gwanintarka. Duk hawan mita 1,000 zafi kan sauka da kusan digiri 6.5 a ma'aunin Celsius, ga iska a kan tudu, don haka rigar da ta ishe ka a ƙasa ba za ta ishe ka zaman jira ba. Batir na saurin mutuwa a sanyi, shi ya sa na biyun yake aljihun ciki, manne da jikina. In na sauko zan shiga wuri mai ɗumi, sai na ƙulle kyamara cikin leda tukuna, raɓar ta taru a jikin ledar maimakon cikin gilashi. In iska ta yi ƙarfi kuwa ba na miƙe ƙafar kyamara duka, kuma na daina rataya mata jaka tana lilo, don lilon kansa girgiza yake jawowa. Jakar ta taɓa ƙasa, igiyar ta yi tauri, shi ne daidai.

Tsawa ce kaɗai ba na jayayya da ita. Sauti na cin kilomita ɗaya cikin kusan daƙiƙa uku, saboda haka in na ga walƙiya sai in fara ƙirge. In rugugin ya iso kafin in kai 30, na bar kan tudu ke nan, ba na komawa sai an yi minti 30 ba a ji ta ba. Mutum tsaye a ƙololuwa riƙe da sandunan ƙarfe uku, ai ba sai an faɗa ba. Malam bai taɓa bari mu tsaya ko don hoto ɗaya ba.

Yanzu tsakar ranar da na raina a hawan farko ita ce lokacin aikina. Ba na ko fito da kyamara. Yawo nake yi, ina gwada inda ƙafa za ta zauna, ina duba kamfas in san ta inda rana za ta fito da inda za ta faɗi, ina haddace hanyar sauka, don bayan almuru da fitilar goshi kaɗai zan bi ta, duwatsun kuma in sun jiƙe santsi gare su. A irin wannan yawon na gano wani ɗan dandamali mai fuskantar gabas, sama da tsagaggen dutsen, wanda bai fi mutum biyu su zauna ba. Daren da nake jira shi ne wanda aka yi ruwa da yamma, sama ta washe, iska ta kwanta, don a irinsa sanyi ke gangarawa ya kwana a kwari ya wayi gari hazo. Daga can sama kan dutsen zai leƙo ta cikin farin. Hawan awa biyu ne, ke nan ƙarfe huɗu na asuba ya same ni a hanya.