Taswirar da ta kulle mai kabu-kabu

Wasan da nake haɗawa ba wani babba ba ne, ɗan kabu-kabu ne zai ɗauki fasinja daga Ƙofar Rini ya kai shi Shagon Goro ta cikin lunguna kafin mai ya ƙare. Da Godot, manhajar haɗa wasanni, na yi shi saboda kyauta ne kuma tsohuwar laftof ɗina tana ɗaukarsa. Ban zana taswira ko ɗaya da hannu ba, kwamfuta ce ke ƙirƙiro lungunan duk sanda aka buɗe wasan. Abin da ya ja ni ga wanga tsari shi ne Elite, wasan sararin samaniya da David Braben da Ian Bell suka fitar a 1984, duniyoyi 2048 a cikin kwamfutar BBC Micro mai ƙwaƙwalwar 32KB kacal, kuma ba ajiye su suka yi ba, daga 'yan lambobi ake sake haifo su kowane lokaci.

Ɓangaren zana gidaje da bango duk ya tafi lafiya. Na tura wa ƙanena da abokansa wasan ta Xender, dare bai yi ba sai ga hoton allo, babur na tsaye bango gaba bango baya, hagu da dama duk a toshe. Ya ce "Yaya, wanga wasa naka ai kurkuku ne." Wallahi har yanzu in na tuna sai raina ya sosu, ba don toshewar ba, toshewa gyaruwa take, sai don ba ni da hanyar da zan sake ganin wannan taswirar. Lambar irin da aka haifo ta da ita, wato lambar da kwamfuta ke gina dukan taswira daga gare ta, daga agogon wayarsa aka ɗauko, ba a nuna ta ko'ina ba, ba a ajiye ba. Ta tafi kenan.

Haka na zauna cikin zafin Afrilun Sakkwato, wuta ta zo ta ɗauke, laftof na huci, ina ta buɗe wasa ina rufewa ko Allah zai sa toshewar ta faɗo mini. Duk taswirar da ta fito lafiya lau. Su kuma yaran kullum sai wani ya ce ta sake kulle shi. Kuma duk bidiyon koyarwar da na ƙona data a kai ba wanda ya tsaya ya ce ka rubuta lambar iri a kusurwar allo, layi ɗaya ne fa na kod! Masu wasan Minecraft sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa kake iya ba abokinka lamba ya samu duniya irin taka sak.

Da na sa lambar a allo, hoton farko da aka turo na shigar da ita, toshewar ta bayyana gabana nan take. Ashe shagunan da ake dasawa a ƙarshe ne ke faɗawa kan lungu mai ƙunci su toshe shi. Na fara da gwajin malala, kamar ka zuba ruwa a inda babur yake ka ga ko zai kai Shagon Goro, in bai kai ba a watsar da taswirar a sake. Yana aiki amma ƙananan wayoyi sukan ɗan tsaya. Daga baya na koma dabarar wasan Spelunky na Derek Yu, wanda ya fito a 2008: a fara fitar da hanyar da ke kaiwa ƙarshe, a hana komai hawa kanta, sannan a cika sauran wurin yadda aka ga dama.

Sai kuma lambar ta sake cizona. Na ƙara itatuwan dogonyaro don ado, duk lambobin da na tara na taswirori masu matsala suka koma ba da wasu taswirori daban, domin bango da shaguna da itatuwa duk daga injin caca ɗaya, wato abin da ke fitar da lambobi barkatai, suke jan lamba, ka ƙara ja ɗaya a tsakiya duk na bayansa sun goce. Yanzu kowanne da nasa injin, dukansu daga uwar lamba ɗaya, kuma kusa da ita a allo ina rubuta sigar wasan. Ƙanena ya san doka, in bai turo hoto da lambar a jiki ba ba na ma buɗe saƙon.