Kafin Ka Miƙa Kuɗin Waya Ta Hannu A Circle

Ƙannena na Nima, Mamobi, Sabon Zango da Madina, yawancinku wayar farko da za ku saya da guminku ta hannu ce, kuma layin Tip Toe da ke Circle a Accra za ku nufa. Wannan ba laifi ba ne. A layin akwai masu shago na kirki da suka daɗe suna cin halalinsu, akwai kuma waɗanda shagonsu aljihun wando ne. Abin da zan faɗa muku da asarar kuɗina na koye shi, kuma jigonsa ɗaya ne: kada kuɗi ya bar hannunka sai an goge wayar gaba ɗaya a kan idonka, ka tashe ta daga farko da layinka da asusunka.

Ga dalili. Galibi iPhone tana ɗaure da asusun iCloud na mai ita, kuma ɗaurin yana can wajen kamfanin Apple ne, ba a cikin wayar kaɗai ba. Masu gyara suna da dabarar tsallake wannan makulli, sai ka ga waya tana buɗewa, tana ɗaukar hoto, tana shiga intanet kamar ba komai. Ranar da ka sabunta manhajarta ko ka goge ta, sai ta nemi adireshi da kalmar sirrin mutumin da ba ka taɓa gani ba. Daga nan ta tashi daga waya ta koma kayan gyara. Saboda haka ka shiga saiti, ka duba can sama. In akwai sunan wani, mai sayarwa ya fita daga asusun da hannunsa, ya kashe Find My, wato tsarin gano wayar da ta ɓace. In babu suna, kada wannan ya kwantar maka da hankali, domin wayar da aka tsallake wa makulli ita ma haka take nunawa. Ka sa a goge komai, a haɗa ta da intanet, ka bi matakan tashi ɗaya bayan ɗaya har ka shigar da naka asusun. Aikin zai iya cin minti 20 ko 30. Wanda ya ce yana sauri, ko ya ce gogewa za ta ɓata waya, ka yi masa sallama ka wuce shago na gaba.

Android ma tana da irin nata tun 2015: in aka goge ta ta bayan fage ba a cire asusun Google ba, za ta nemi tsohon asusun. A cire asusun Google tukuna, a Samsung a cire na Samsung ma, sannan a goge. Akwai wani tarko da ya fi yawa a Android yanzu, wato wayoyin da ake ɗauka bashi ana biya kaɗan-kaɗan ta MoMo. Wani zai ɗauka, ya biya na 'yan makonni, ya sayar. Da ya daina biya, kamfanin zai kulle wayar daga nesa, kai kuma ba ka da hujjar komai. Irin wannan makulli sau da yawa ba ya fitowa sai wayar ta hau intanet, shi ya sa na ce a haɗa ta tun a shagon. In ka ga rubutu cewa wani kamfani ne ke kula da wannan na'ura, ko wata manhajar biyan kuɗi da ta ƙi goguwa, ajiye ta.

Sai lambar IMEI, wato lambar shaidar da kowace waya ke da tata. Danna *#06#, lamba 15 za ta fito. Ka gwada ta da wadda ke cikin saiti, da ta jikin kwali in akwai, da wadda ke rubuce a tiren sim a wasu iPhone. In sun saɓa, an sauya wani abu, kuma dole a gaya maka mene ne. Ka ɗauki hoton lambar da wata waya.

Ka sa naka sim, ba na mai shago ba. In kana da MTN da Telecel ko AT, gwada biyu. Ka kira wani, ka ji muryarsa ya ji taka, sannan ka kashe Wi-Fi ka buɗe intanet da data. Wayoyi da yawa da ke zuwa daga Amurka a kulle suke ga kamfanin layi na can. Akan saka wani siririn guntu a ƙarƙashin sim don yaudarar wayar, ya yi aiki na ɗan lokaci, sabuntawa ɗaya ta kashe shi. Ka zaro tiren da kanka ka duba. Tunda ka zaro, haska fitila cikin ramin: a iPhone akwai ɗan tabo fari a ciki, in ya koma ja, ruwa ya taɓa shiga. Ka kuma sani cewa daga iPhone 14 ta 2022, samfurin Amurka ba shi da ramin sim kwata-kwata, sai eSIM, wato layin da ake ɗorawa cikin waya ba tare da kati ba. In ka ga irin wannan da rami, huda ta aka yi aka ƙara, kuma kariyarta daga ruwa ta tafi.

Fuskar waya tana cikin sassan da suka fi tsada, ita ce kuma aka fi sauyawa da mai araha. Buɗe hoto baƙi ƙirin, ka rufe hasken rana da tafin hannu. Fuskar OLED ta asali, wato samfurin mai tsada, baƙinta duhu ne sosai. In ka ga yana haske-haske kamar toka a wayar da ya kamata a ce OLED gare ta, an sa mata LCD mai araha, kuma za ta riƙa shan batir fiye da kima. Buɗe fari kuma ka nemi inuwar tsoffin rubutu ko layi kore. Sannan ka danne alamar wata manhaja, ka ja ta a hankali zuwa kowane lungu na fuskar. Duk inda ta suɓuce, wurin ya mutu. A yawancin Samsung, *#0*# yana buɗe shafin gwajin launi, taɓawa, lasifika da girgiza. A iPhone da ba ta tsufa sosai ba, shafin bayanin waya a saiti yana nuna tarihin sassan da aka sauya, har ya faɗa maka in bai gane sashin ba. Ka yi rajistar fuskarka a Face ID nan take. In ya ƙi, gyaransa yana da wuya da tsada, kada ka yarda da “ƙaramin abu ne”.

Batir yana buƙatar haƙuri. Apple ya ce batirin iPhone 14 zuwa ƙasa an yi shi ne ya riƙe kashi 80 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500, na iPhone 15 kuma bayan 1,000. To wayar da ta shekara huɗu a hannun wani, ba a sauya mata batir ba, amma tana nuna kashi 100, lambar aka taɓa. Akwai na'urar da ake yin haka da ita. Ni na fi yarda da wayar da ta nuna 84 da gaskiya. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne ka ƙure haske, ka ɗauki bidiyo na minti 10, ka ga nawa ya sauka, ka kuma taɓa bayanta. Zafi mai ƙuna ko faɗuwar caji da tsalle, kamar daga 60 zuwa 45, alamar batir ya gaji ne ko allon ciki yana da ciwo. In fuskar ta ɗan ɗago daga gefe, batir ya kumbura, wannan haɗari ne. Ka zo da cajarka ka jona, ka ɗan motsa igiyar ka ga ko caji yana yankewa.

Kada sunan iPhone ya ruɗe ka ka sayi gawa. Tun 2025 WhatsApp ya daina aiki a iPhone 5s da 6 da 6 Plus, domin a shekarar ya fara buƙatar manhajar iPhone ta iOS 15.1 zuwa sama. Ƙanwata mai tallan atamfa ko turare a WhatsApp da TikTok, sabuwar Tecno, Infinix ko Samsung mai matsakaicin kuɗi, da RAM 4GB zuwa sama da ma'aji 128GB da garantin kamfani, za ta fi yi miki aiki a kan tsohuwar iPhone mai 64GB wadda bidiyo kaɗan zai cika. Jabu ma suna nan: in ka taɓa App Store ya kai ka Play Store, Android ce aka sa wa riga.

Yanzu wurin biya, inda mai wayo ma yakan faɗi. Da ka gama gwaji, wayar ba ta sake barin hannunka. Tsohuwar dabara ce a karɓa a ce za a sa maka a kwali, ka isa gida ka tarar da sabulu ko guntun tayil. Ba a cinikin biri a sama, don haka kada ka tura kuɗin kafin alƙalami ga wanda ka gani a Facebook ko Instagram kaɗai. Ka saya a cikin shagon da za ka iya komawa gobe, ba a bakin titi ko ƙarƙashin gada ba. In ta MoMo za ka biya, karanta sunan da ya fito kafin ka sa lambar sirri. A rubuta maka rasit mai sunan shago, kwanan wata, samfurin waya, lambar IMEI, kuɗin da ka biya da kwanakin garanti. Rasit ɗin nan ba don gyara kaɗai ba ne. A dokar laifuka ta Ghana ta 1960, karɓar kayan da ka san na sata ne laifi ne, kuma in 'yan sanda suka bi sawun waya suka same ta a hannunka, farashin da ya yi arha fiye da hankali zai zama hujja a kanka, rasit kuma ya nuna inda ka samo ta.

Daren farko, kafin ka ɗora hoto ko ɗaya, ka shiga saitin WhatsApp ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka sa lamba shida da imel ɗin da kake iya buɗewa. Lambar da WhatsApp ke turowa ta saƙo ba a ba kowa, ko da saƙon ya fito daga lambar yayanka ko limamin unguwa, domin ƙila an riga an ƙwace nasu ne ake farautar na kusa da su. Layinka ya kasance da Ghana Card ɗinka aka yi masa rajista, in ba haka ba ranar da ya ɓace dawo da shi da kuɗin MoMo ɗinka zai zama wahala. In an damfare ka ta intanet, hukumar tsaron intanet ta ƙasa tana amsa kira da saƙo a 292.

Kwanakin garanti kuwa ka wahalar da wayar da gangan: kira mai tsawo, taswira a cikin trotro, bidiyo, caji daga ƙasa har ya cika, kashewa da kunnawa. In an ɗauke wuta ka zare caja, domin ƙarfin da wuta ke dawowa da shi yana ƙona caja mai araha, wani lokaci har da sashin caji na wayar. Duk abin da ka gani, ka koma shagon da rasit tun ranar ba ta wuce ba, kuma ka cire asusunka kafin ka bar musu wayar.